Zuwa ga ɗana, kan maganar cek da alat

Assalamu alaikum Babana,

Da fatan kana lafiya, ya kasuwa, ya mai ɗakin naka da yara. Mu nan Dukku lafiya lau, alhamdu lillahi. Ummanku ta ce min yanzu har 'yan kasuwa daga Kudu suna kiranka kai tsaye kana loda musu wake da masara daga Tudun Hatsi, na yi murna ƙwarai, Allah ya ƙara buɗi. To amma tunda na ji haka wata magana ta tsaya min a rai, a waya kuma kullum kana cikin hayaniya, shi ya sa na ce bari in rubuta ka karanta in ka natsu.

Babana, alat ba kuɗi ba ne. Na bogi ka riga ka san shi, mutum ya haɗa saƙo da sunan banki ya turo, ko ya miƙo maka hoton rasit a wayarsa wai ga shi ya fita daga wajensa. Wannan maganinsa da sauƙi, ka buɗe manhajar bankinka da hannunka ka duba, gani ya kori ji. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na cek, don shi saƙon ma daga bankinka zai iya fitowa. Ga yadda suke yi. Kun gama ciniki, sai ya ce zai tura kuɗi, maimakon tiransifa sai ya sa yaronsa ya je ya zuba cek na wani banki a asusunka, kuma da gangan suke zaɓar Juma'a da yamma ko jajibirin hutun salla. Kai kuma ka ga adadi ya bayyana sai ka saki jiki, alhali cek ɗin wani banki sai an tantance shi tsakanin bankunan biyu tukuna, kuma ranakun aiki kaɗai ake lissafawa, ba Asabar ba Lahadi. Kafin Litinin ko Talata a dawo da shi a ce babu kuɗi a ciki, ko takardar ta sata ce, ko sa hannun na jabu ne, tirela ta daɗe da wuce Jos, layin mutumin a kashe, kai kuma ga masu kaya sun tsaya maka a ƙofar shago.

Don haka in ka duba asusu kada ka tsaya a jimilla, ka nemi adadin da za ka iya cirewa a lokacin, shi ne naka. In akwai shakka ka taka ka je reshe ka tambaya ko kuɗin nan tiransifa ne ko cek. Kuma duk wanda ya ce maka ya yi kuskure ya zuba fiye da kuɗin kaya, ka taimaka ka maido masa da rarar yanzu yanzu, ka ce masa ya bari sai komai ya zauna, ta banki za a mayar.

Na san halinka, kana da kunya, musamman in mutum ya girme ka ko ya zo da babbar mota yana Alhaji kaza ne ya turo ni. Da kunyar nan da gaggawa suke cin mutane, direba na jira, dare zai yi, haba ba ka yarda da ni ba ne. Wallahi ɗan kasuwar kirki ba ya jin haushi don ka ce sai kuɗi sun zauna za a ɗaura kaya, shi ma haka yake yi da nasa. Gaskiya ne akwai doka tun 1977 da ta ce wanda ya ba da cek ya san babu kuɗi a asusunsa ɗaurin shekara 2 ne ba zaɓin tara, amma ɗaurinsa ba zai dawo maka da buhu ko ɗaya ba, in ma an kama shi ke nan. Kai ma dokar ta hau kanka, kada ka rubuta wa kowa cek da fatan kuɗi za su shigo gobe. Littafin cek ɗinka ya zauna a kulle, kada ka taɓa sa hannu a farar takarda ka bar wa yaron shago ya cike, in ka rubuta adadi kada ka bar fili, ka ja layi a abin da ya rage. Cek kuma in ya wuce wata 6 banki ba ya biya, kada wani ya lallaɓa ka da tsoho.

Sai masu kiran waya. Za su kira cikin ladabi, wani ma da Hausa tsantsa, su faɗi cikakken sunanka da ranar haihuwarka, su ce BVN ɗinka ya samu matsala za a rufe asusu yau. Tun 2014 da Babban Banki ya kawo BVN suke wannan wasan. Banki ba ya tambayar PIN, ba ya tambayar lambar nan ta OTP da ake turowa, ba ya tambayar lamba 3 da ke bayan kati. Ka kashe wayar kawai, ba rashin ɗa'a ba ne. Layinka kuma ka sa masa PIN yau ɗin nan, don ɓarawon waya ba wayar ce ta dame shi ba, layin yake so, da ya danna *565*0# BVN ɗinka ya fito, daga nan ya shiga lalube. In waya ta ɓata a fara rufe asusu da layi kafin a shiga cigiya. Wajen mai POS ka rufe hannu in kana danna lamba, kuma ka duba katin da aka miƙo maka naka ne.

Wata kuma da nake roƙonka don Allah, kada ka ara wa kowa asusunka a turo masa kuɗi, ko abokin tasowarka ne, ko an ce za a ba ka na goro. Kuɗin damfara da kuɗin fansa ta irin wannan hanyar suke bi, ranar da bincike ya zo sunanka ne a takarda ba nasa ba. Su kuma masu cewa kawo dubu ɗari ta zama dubu ɗari biyu a wata guda, ka ga yadda MMM ta ƙare a ƙarshen 2016, ga CBEX a 2025, ba sai na tsawaita ba.

In kuma Allah ya ƙaddara abu ya faru, kada kunya ta sa ka yi shiru kana neman gyarawa kai kaɗai. A take ka kira banki su toshe asusu da kati, ka je ka rubuta koke ka riƙe kwafi da duk saƙonni da lambobin mutumin, don sa'o'in farko ne ake iya tare kuɗi kafin a rarraba su. In sati 2 ya wuce banki bai yi komai ba ka kai ƙara sashen kare masu hulɗa na Babban Banki, EFCC kuma suna da ofis nan Gombe kusa da kai. Ni ma ka sanar da ni a ranar, ba faɗa zan yi maka ba.

Ka karanta wa yaran shago wannan, musamman mai karɓar kuɗi in ba ka nan, ka ce masa ko buhu ɗaya kada ya fita sai ya kira ka. Ummanku na gaishe ku, ta ce a kawo mata yaran in an yi hutu. Allah ya tsare ka, ya yi maka albarka.

Mahaifinka