Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Ƙaramar Hukumarmu kan gidan abincin da ake son ƙarawa a shagunan bakin titi

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni tsohon ma'aikacin ƙaramar hukumar nan ne, aikin duba-gari na yi har na ajiye. Gidana na bayan layin shagunan da ke bakin kwalta a garinmu, katanga ce kawai tsakaninmu, don haka duk abin da za a dafa a can ni zan riga kowa jin ƙamshinsa, kuma ni zan riga kowa jin warinsa idan ya lalace.

Alhaji mai shagunan ya shigar da takarda yana neman a sauya masa manufar filin. An ba shi wurin ne don shaguna, kuma shagunan ya gina: mai taki da iri, mai kayan masarufi, mai gyaran babur, mai cajin waya. Yanzu yana so ya ƙara gidan abinci a sauran filin da ke gefe, da kicin da wurin zama. Tun kafin girbi takardar take ofis, ba a ce masa e ba, ba a ce masa a'a ba. Shekaranjiya na ga tifa ta sauke yashi a wurin, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ina goyon bayan a ba shi izini. Na faɗi wannan tun farko saboda a majalisa har an fara cewa tsohon duba-gari zai hana Alhaji gini. Garin nan yana buƙatar wurin cin abinci mai rufi. Daren Laraba, lokacin da motocin dabbobi ke wucewa zuwa kasuwar Maigatari ta Alhamis, da ranar Lahadi ta Gujungu, direbobi da yaran mota a tsugune suke cin tuwo a gindin darbejiya, ƙurar tirela na sauka a cikin miya. Ruwan da aka wanke kwano na farko da shi, da shi ake wanke na hamsin. Na yi shekaru ina faɗa da wannan, ban ci nasara ba, domin wanda bai da wuri ba ka ce masa ya tsaftace wuri.

Abin da nake roƙo shi ne izinin ya fito a rubuce, da sharuɗɗansa a jiki, tun kafin a haƙa harsashi.

Na ji wasu na cewa wai maganar ta Dutse ce, wato ta gwamnatin jiha. Ranka ya daɗe, a teburinka take. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta bar filayen birane a hannun gwamna, ta bar waɗanda ba a ayyana su a matsayin birni ba ƙarƙashin kulawar ƙaramar hukuma, har ta tanadi kwamitin ba da shawara kan rabon filaye a kowace ƙaramar hukuma. Takardar da Alhaji yake riƙe da ita daga ofishinku ta fito. Kundin tsarin mulki na 1999 ma, a jadawali na huɗu, ya ambaci shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi a cikin abubuwan da ƙaramar hukuma za ta tsara ta kuma sa wa ido. Da a ce satifiket ɗin gwamna gare shi, da sai ya nufi ma'aikatar filaye ta jiha. Ba shi gare shi ba.

Mun san yadda shiru yake ƙarewa. Mai fili ya gaji da sintiri, ya kira magina, bulo ya kai linta, sannan wata safiya a zo da jan fenti a yi wa bangon alama. Daga nan sai a shiga kai-komo wurin dagaci da hakimi, a samu wanda zai sa baki, ginin ya tsaya yadda yake. Ba a rushe ba, ba a gyara ba, kuma babu wanda ya taɓa tambayar inda ruwan wanke-wanke zai bi.

Ruwan nan shi ne babbar damuwata. Shagon taki ba ya zubar da ko bokiti ɗaya a rana. Gidan abinci kuwa daga asuba zuwa tsakar dare zubarwa yake: ruwan shinkafa, ruwan wankin nama, ruwan tukwane mai maiƙo. Maiƙon nan idan ya huce daskarewa yake yi, ya kama yashi da leda, ya toshe duk hanyar da ya samu. Filin da Alhaji yake son ginawa a kai, ta gefensa ruwan unguwarmu yake gangarawa zuwa kwalbatin titi idan an yi ruwan sama. Babu wanda ya zana wannan a takarda, ruwa ne ya zaɓi hanyarsa tun kafin a yanka fulotan. Wanda ya zo dubawa da rani busasshiyar ƙasa zai gani ya sa hannu. Mu da muka kwana muna kwalfar ruwa daga ɗakuna a damunar 2022, shekarar da ambaliya ta ɗaiɗaita garuruwa da yawa a Jigawa, mun san abin da ke bin wurin. A sa masa sharaɗin barin hanyar ruwan a buɗe, ya gina lambatu na siminti har zuwa kwalbati, ruwan kicin kuma ya shiga sokawe nasa na kansa, da ɗan ramin tare maiƙo a gaba wanda za a riƙa kwashewa. Aikin bulo kaɗan ne idan an yi shi tare da gini. Bayan an zuba daɓe kuwa sai an fasa.

Sai banɗaki. Wanda ya ci ya sha zai nemi wurin kewayawa, idan bai samu ba jikin katangarmu zai nufa, kamar yadda ake yi yanzu. Amma inda za a haƙa ramin ma abin dubawa ne, domin tuƙa-tuƙar da rabin unguwa ke ɗiba ba ta da nisa da filin. Abin da aka koya mana a makarantar koyon aikin tsafta shi ne a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma masai ya kasance ta gangare. Ƙasarmu jigawa ce, yashi ne, ba ta riƙe ruwa. Wanda ya ga yadda amai da gudawa ya kwantar da mutane a jihar nan a 2021 ba zai ɗauki wannan a matsayin tsegumin tsoho ba.

Maganar wuta ba sai na tsawaita ba. Inda aka buɗe gidan abinci nan manyan motoci ke tsayawa, cikinsu har da tankokin mai, ga murhu, ga tukunyar gas, ga tukubar mai tsire da ba za ta daɗe ba ta biyo baya. Abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a watan Oktoba na 2024, inda gobarar tankar mai ta ci rayuka sama da 150, bai bar zukatanmu ba. Allah ya jiƙansu. Kicin ya koma can baya nesa da titi, a ware inda motoci za su tsaya ba a kafaɗar kwalta ba, a kuma hana tanka tsayawa a gaban wurin.

Akwai waɗanda sunansu bai shiga takardar ba, wato matan da ke sayar da abinci a gindin darbejiyar. Wasunsu zawarawa ne, da wannan tukunyar suke ciyar da marayu. Ba na cewa a hana Alhaji neman halalinsa saboda su, kasuwa ta kowa ce. Abin da nake tsoro shi ne ranar da aka gama ginin, a ce sun tare masa gaba, a kore su da sunan tsafta. Na san yadda ake yi, domin da hannuna an taɓa sa ni yin irinsa, kuma har yau ba na jin daɗin tunawa. Tunda ƙaramar hukuma tana yankar musu rasit duk ranar kasuwa, ta nuna musu inda za su kafa rumfa kafin a buɗe wurin. Alhaji ma zai buƙaci masu girki, kuma babu wanda ya fi su sanin abin da direba ke so a kwanonsa.

Ranka ya daɗe, ba wani dogon taro nake nema ba. Ka turo jami'in filaye da shugaban sashen ayyuka da duba-garin da ke kan aiki yanzu, su zo su tsaya a kan filin da ƙafafunsu, gani ya kori ji. A kira mai unguwa da mu maƙwabta na jikin katanga, a kira Alhaji ya zo da zanen gininsa. Abin da aka amince a rubuta a jikin takardar izini, a ba shi kwafi, a ba mai unguwa kwafi, yadda ko bayan ka bar kujera, ko shagunan sun koma hannun magada, za a samu abin nunawa.

Na yi magana da Alhaji bayan sallar la'asar jiya. Ya ce shi ba ya ƙin lambatu, abin da yake ƙi shi ne ya kashe kuɗi a zo a ce ba haka ba. Ya yi mini alkawarin ba zai taɓa yashin ba har mako biyu, amma maginansa sun riga sun karɓi kafin alƙalami. Duk ranar da mutanenka za su zo, su tambayi gidan tsohon duba-gari, ina nan. Har yanzu tef ɗin awona yana cikin akwati, zan riƙe musu bakinsa daga tuƙa-tuƙa.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Tsohon duba-gari, mazaunin bayan shagunan bakin titi