Ilimi daga gonar Baffa, amma sai na biya kafin in karanta

Malam Edita, assalamu alaikum, ina gajiya, ina aiki. Don Allah a ara mini ɗan fili in amayar da abin da ya tsaya mini a wuya tun Babbar Sallah.

Shekarun baya ina ɗalibi a fannin noma aka ɗauke mu aikin anket, mu shida, muna shiga ƙauyuka da takardun tambayoyi da igiyar auna kaurin icce, har Allah ya sa aka biyo ta ƙauyenmu. Baffana, wan mahaifina, yini biyu cur ya yi yana zagayawa da mu cikin gonarshi a rana yana nuna mana yadda yake sassabe, wane toho zai bari jikin kututture wane zai sare, don me ba ya taɓa gawo tunda shi da damina yake zubar da ganye bai tare wa hatsi rana, ina amfanin kalgo, ina na sabara. Mu dai rubutu kawai muke, goro na jika ɗaya aka ba shi da za mu tafi. Kuma kowa ya san sassaben zamani nan jihar Maraɗi ya kafu a shekarun 1980, lokacin da Tony Rinaudo ɗan Ostareliya yake aiki da manoma, yau masana na maganar kusan hekta miliyan 5 da ya farfaɗo a Nijar, har wasu ƙasashe suna zuwa koyo.

To da na je gida Sallah, bayan an ci nama, sai Baffa ya ce "kai ɗana, wai me mutanen nan naku suka rubuta a kan gonata?" Na ce bari in duba. Na hau tudu inda rezo ke kamawa, na ƙona mega ɗina, na samu takardar a wata mujalla ta waje. Taƙaitawa kaɗai suka buɗe, layi goma, sauran sai ka biya wajen dalar Amurka 40, sama da jika 20 kenan, kuma da katin banki wanda ba ni da shi. Wallahi kunya ta kama ni, na dawo na ce mishi rezo ne babu.

Da na koma gari na kira wani malamina da sunanshi ke cikin marubutan, ya turo mini ta WhatsApp amma ya ce in rufa mishi asiri kar in watsa, don shi kanshi ya sa hannu a takardar da ta miƙa haƙƙin mallaka ga kamfanin. Nan ne kaina ya ɗaure. Mutum ya yi bincike da albashin gwamnati ko kuɗin tallafi, ya rubuta, ba a biya shi ko dala ba, malaman da suka tantance aikin su ma kyauta suka yi, sannan kamfani ya juyo ya sayar wa jami'o'i. Kura da shan bugu gardi da karɓe kuɗi. Ba mamaki Elsevier, kamfanin buga mujallun bincike na ƙasar Holan, yake cin ribar da ta wuce kashi 30 cikin 100 shekara da shekaru, wane ɗan kasuwa ne a babbar kasuwar Maraɗi ke ganin irin wannan?

Kar a ga laifin malamanmu fa. CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da ke Wagadugu, ita ke duba ƙarin girmansu, kuma takardun da ka buga ake ƙirgawa, in ba ka buga ba kana nan inda kake har furfura. Wanda ke neman matsayi ba ya tsayawa ciniki da mai mujalla, duk abin da aka miƙo sa hannu zai yi.

Wasu za su ce ai yanzu akwai buɗaɗɗen karatu, tun sanarwar Budapest ta 2002 ake ta kiran a saki bincike kyauta a intanet. Gaskiya ne, amma kamfanonin sun fi mu wayo, sai suka maida kuɗin kan marubuci. Mujallar Nature a 2021 yuro 9,500 ta yanka ga mai son a buɗe takardarshi ga kowa, ku buga lissafi, ya haura sefa miliyan 6. An buɗe wa mai karatu ƙofa an rufe wa mai rubutu taga. Akwai kuma AGORA, shafin mujallun noma da hukumar abinci ta duniya FAO ta kafa a 2003, jami'o'i da cibiyoyin ƙasashe irin namu na iya shiga kyauta, abu mai kyau, sai dai alfarma ce ba haƙƙi ba, kuma ranar da ka gama karatu ka bar makaranta shi kenan ka fita layi, kamar ni.

Shi ya sa ɗalibai suka san Sci-Hub, shafin da ke sakin takardun bincike kyauta ba da izinin kamfanoni ba, fiye da hanyar ɗakin karatu. Wata 'yar Kazakistan, Alexandra Elbakyan, ta buɗe shi a 2011, kotu a New York ta yanke a 2017 a biya Elsevier dalar Amurka miliyan 15 a kanshi. Ni ban ce kowa ya bi ta nan ba, doka doka ce. Amma shari'ar da ta fi burge ni ta Indiya ce, inda kamfanonin buga littattafai na Oxford da Cambridge da Taylor & Francis suka kai wani ɗan shagon fotokofi na jami'ar Delhi ƙara a 2012, alƙali ya ce a 2016 kwafar darasi don koyarwa ba laifi ba ne, daga baya kamfanonin suka janye. Duk wanda ya yi jami'a a nan ya san ba don mai fotokofi na bakin ƙofa ba da yawanmu ba mu ga digiri ba.

Kar mawaƙa da marubuta su ce na zo in rushe musu sana'a. A'a. Mai waƙar da ake tura wa mutane aikinshi a kati a bakin tasha ba ya samun ko sisi, wannan zalunci ne, BNDA, hukumar kare haƙƙin mawaƙa da marubuta, ta tsaya mishi, da waƙar yake ci da iyalinshi. Haka ɗalibin da zai kwashe memwar ɗin wani, wato kundin kammala karatunshi, ya canza suna a bango, ɓarawo ne, babu wani kwana-kwana. Amma malamin jami'a ba sayarwa yake nema ba, so yake a karanta a ambaci sunanshi, to katangar nan wa take karewa in ba aljihun kamfani ba?

Roƙona ga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da cibiyar binciken noma ta INRAN da sauran masu bincike: duk aikin da aka yi a gonakinmu a aje kwafi a rumbun jami'a inda kowa zai iya saukewa, mujallu da yawa ma sun yarda marubuci ya aje rubutunshi na ƙarshe bayan wani lokaci, sai dai a karanta yarjejeniya kafin a sa hannu. Sannan a yi shafi ɗaya da Hausa a kai gidajen rediyo.

Ni dai na karya alkawarin malam kaɗan, na koma ƙauye na fassara wa Baffa a gindin gawonshi. Ya saurara har ƙarshe, ya ce sun yi kuskure wuri ɗaya, ba kullum yake barin toho uku ba, ya danganta da ƙarfin kututturen. Sai ya ce in nuna mishi inda sunanshi yake. Na ce ba a sa suna, ƙa'idar bincike ce don a rufa wa mutum asiri, shi ne manomi mai lamba 14. Ya yi dariya ya ce in zuba mishi shayi.

Naku,
wani mai karatu daga unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi