Rahoton Ayyukan Shekara: Karɓar Matasa Masu Koyon Hidima

'Yan'uwa cikin Almasihu, muna gaishe ku da sunan Ubangijinmu Yesu. Ga abin da kwamitin karɓar matasa ya gudanar a bana.

Duk mai neman shiga shirin koyon hidima, daga ɗan shekara 18 zuwa sama, ya cike takarda, ya kawo wasiƙar shaida daga fastonsa da wata daga wanda ba danginsa ba, sannan aka zauna da shi ido da ido. Irin waɗannan wasiƙu kusan duk yabo ne, shi ya sa muke bin kowace da kiran waya. Abin da mutum ke jin nauyin rubutawa, yakan faɗe shi da baki.

Makonni biyu na farko ba a ɗora wa kowa aiki ba. Wasu daga cikinku sun ga kamar ɓata lokaci ne, ga aiki jibge yana jira, amma a nan muka fi zuba ƙarfinmu. A lokacin ne ake bin yarjejeniyar zaman gida sashe-sashe kafin a sa hannu: lokacin addu'ar safe, jerin girki da shara, ranar hutu, ranar biyan kuɗin aljihu, da wanda za a kai wa kuka. Ba kasafai saɓanin koyarwa ke haɗa matasa faɗa ba. Kwanon da aka bari ba wanki ne, ko wayar da ke ƙara da tsakar dare. Abin da ba a rubuta ba, kowa yadda ya saba a gidansu zai yi shi. A makonnin ne kuma ake koyar da dokar kare yara: babu mai kaɗaita da yaro, dole manya biyu su kasance a wurin, ƙofa a buɗe, kuma ba a ɗaukar hoto sai da izinin iyaye.

Bayan haka aka tura su biyu-biyu, kamar yadda Ubangiji ya aiki almajiransa goma sha biyu a Markus 6:7, zuwa makarantar Lahadi, ziyarar marasa lafiya da tsofaffi, koyar da karatu, da ofis. Kowa yana da mai kula da aikinsa, yana kuma da mai ba shi shawara da suke zama awa ɗaya a mako. Ba mu yarda mutum ɗaya ya riƙe biyun ba, domin matashi ba zai buɗe baki ya gaya wa mai auna aikinsa cewa ya gaji ko bangaskiyarsa tana rawa ba.

Inda aka fi samun matsala shi ne ranar hutu. Lahadi ranar aiki ce gare su, Litinin ce tasu, amma "ɗan zo ka taimaka mana" daga sassan ikilisiya ta yi ta cinye ta, su kuwa kunya ba ta barinsu su ce a'a. Kafin a ankara sai makara da gajen haƙuri suka bayyana. Mai koyon hidima ba ɗan aiken kowa ba ne, Yesu ma ya janye almajiransa su huta (Markus 6:31). Yanzu duk wata buƙata sai ta bi ta hannun mai tsara shirin.

A watan ƙarshe kowa ya rubuta shafi ɗaya na miƙa aiki ga magajinsa, aka kuma aika wa ikilisiyarsa wasiƙa kan baiwar da aka gani a gare shi.

Don baɗi muna neman ƙarin masu ba da shawara, musamman mata, da iyalan da za su riƙa gayyatar matashi ɗaya gidansu sau ɗaya a wata. Mai niyya ya ba sakatare sunansa kafin taro na gaba. Ma'aji zai kawo rahoton kuɗi daban.