Dattijon da ya tare ƙofar rumfarsa

Ya Edita,

Rahotonku kan masu ɗaukar doka a hannu ya tuna mini abin da na gani a Gusau. Matasa sun biyo wani saurayi da sanduna, wai ɗan luwaɗi ne, hujjarsu kawai muryarsa da tafiyarsa. Wani dattijo mai shayi ya shigar da shi rumfarsa, ya tare ƙofa, ya ce sai dai su fara da shi. Mu 'yan kallo, har da ni, ba wanda ya motsa.

Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta wulaƙanta kowa, ƙazafi kuwa bulala 80 ne a shari'a. Ina roƙon limamai su tunatar da haka a huɗuba, masu unguwanni kuma su tsaya wa dattijon nan, don wasu sun ƙaurace wa shayinsa.

Mai karatu, Gusau