A rubuta iyakokin unguwannin cikin birnin Kano

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi kira kan unguwannin cikin ganuwa. A da, kowa ya san inda cikin gari ya ƙare: ka fita Ƙofar Mata ko Ƙofar Wambai, ka shiga waje, ga Fagge nan, gaba kuma Sabon Gari. Yanzu badala ta zaizaye, wasu wuraren an yi gini a kanta, yara kuwa ba sa iya nuna inda Mandawari ta rabu da maƙwabtanta.

Sunayen nan tarihi ne. Ayagi, Tudun Nufawa, Agadasawa da Zangon Barebari suna faɗa mana waɗanda fatauci ya kawo, musamman bayan Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi. Ga shi an raba birnin tsakanin ƙananan hukumomin Birni, Dala da Gwale, mazaɓu kuma sun haɗe unguwanni da yawa a suna ɗaya.

Masu unguwanni da dattawa sun san kowane lungu. Ina roƙon Masarauta da gwamnati su zauna da su tun suna raye, a zana taswira, a kafa alluna a mashigar kowace unguwa.

Naka,
Mai karatu daga Yakasai, Kano