Wasiƙa kan wurin kula da yara bayan tashi daga makaranta

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da maiɗakinka da yara kuna lafiya. Saƙonka ya iso, na ga kana ta wasiwasi ko ka sa babban ɗanka a wurin da ake kula da yara bayan an tashi daga makaranta, tunda gwamnati ce ke ɗauke mafi yawan kuɗin.

Ni dai shawarata ka sa shi, amma kada araha ta rufe maka ido.

Tallafin yana da amfani. A Norway, tun 2022 'yan aji ɗaya na firamare ke samun awa 12 kyauta duk mako a irin wannan wuri, don 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi da na baƙi su ma su shiga. Yaron da ba a yin harshen makaranta a gidansu, a filin wasa bakinsa ke buɗewa. Uwa kuma ta yi aikinta hankali kwance.

Sai dai zuba kuɗi kaɗai ba ya gyara yaro. Amurka na kashe fiye da dala biliyan ɗaya duk shekara a irin wannan shiri, amma binciken da gwamnati ta sa aka yi a farkon shekarun 2000 ya nuna makin yaran bai wani motsa ba, illa dai 'yan firamare sun fi jin suna cikin aminci. A 2007 wasu masu bincike biyu na Amurka, Durlak da Weissberg, suka duba shirye-shirye 73, suka gano inda ake bin tsari ana koya wa yara zama da mutane da danne fushi, nan ne ɗabi'a da karatu suka gyaru. Sauran kuwa kusan ajiya ce kawai.

Don haka ka je da kanka da yamma, ba tare da sanarwa ba. Ka duba yara nawa ke hannun mutum ɗaya. In yaro ya fashe da kuka, akwai mai durƙusawa ya saurare shi, ko daga nesa ake daka masa tsawa? Ka tambaya ko ma'aikatan na daɗewa, domin yaro ba ya sakin jiki da fuskar da ke canzawa kowane wata. Abin da ya fi damuna shi ne wurin da ake sake zaunar da yara kan kujera bayan sun wuni a aji. Ɗan shekara shida gudu yake bukata a lokacin nan.

Ka rubuto mini abin da ka gani. Ka gaishe da mutanen gida.

Naka,
Amininka