Zuwa ga 'yata, kafin a ɗebi tsokar nononki don gwaji

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Tunda likita ya ce sai an ɗebi ɗan yanki daga ƙullutun nan an duba, ki je ranar da aka sa miki, kada ki ɗaga. Za ki ji masu cewa da zarar allura ta taɓa ƙullutu sai cuta ta bazu. Kada wannan magana ta tsayar da ke, jinkiri ne ke ba cuta damar yaɗuwa. Mafi yawan ƙullutun da ake gwadawa ma ba sankara ba ne, amma hoto kaɗai ba ya iya tabbatarwa, sai an sa tsokar a ƙarƙashin madubin likita.

Kafin ranar, ki faɗa musu duk maganin da kike sha, musamman masu tsinka jini irin su asfirin da warfarin, kuma kada ki daina shan kowanne da kanki sai sun ce. Ki faɗa idan kina da ciki, ko kina shayarwa, ko wani magani ya taɓa ba ki matsala. Ran nan kada ki shafa hoda ko turare a hammata da ƙirji. Ki sa rigar mama mai riƙewa sosai.

Za ki kwanta, a wanke wurin, a yi miki allurar kashe zafi. Ita ce mai ɗan raɗaɗi, na 'yan daƙiƙu kawai. Sai a tsaga fata kaɗan, likita yana kallon hoton na'ura yana bin allurar ɗibar tsokar har cikin ƙullutun. Abin ɗibar yana yin ƙara, "tas!", ki sani tun yanzu don kada ki zabura, domin motsi na iya kautar da allurar. Akan ɗiba sau uku zuwa shida. Dannawa za ki ji. Idan zafi kika ji, ki yi magana a ƙara miki allura, ba wurin dauriya ba ne. Sau da yawa akan bar wata 'yar alama ta ƙarfe, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, don a gane wurin nan gaba. Duka aikin bai cika wuce awa ɗaya ba.

Bayan an gama za a danne wurin kamar minti 10, a sa filasta, galibi ba ɗinki. Kada ruwa ya taɓa shi har awa 24. Ki naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta ki ɗora minti 15, ki huta, ki sake. Ki kwana da rigar mama, tana hana jijjigar da ke tayar da jini. Don zafi ki sha farasitamol, ki bar asfirin da ibuprofen sai likita ya yarda. Kwana biyu ban da ɗaukar kaya mai nauyi.

Wurin zai yi shuɗi-shuɗi, yana iya yin tauri saboda kwanciyar jini, kuma yakan washe cikin mako biyu. Amma ki koma asibiti nan take idan jini ya ƙi tsayawa bayan kin danne minti 15, ko maman yana kumbura da sauri, ko wurin ya yi ja da zafi yana fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya kai digiri 38, ko numfashi yana yi miki wuya.

Sakamako yakan ɗauki 'yan kwanaki zuwa mako biyu. Ki tambayi ranar tun kafin ki bar wurin, ki je da wanda zai taya ki saurare, ki karɓi takardar a hannunki. Ki tambayi likita ko sakamakon ya yi daidai da abin da hoto ya nuna, don idan sun saɓa, wataƙila allurar ta kauce wa ainihin wurin, sai an sake ɗiba. Kada ki ɗauka shiru na nufin lafiya lau. Idan ba su kira ba, ke ki neme su.

Allah ya ba ki lafiya.

Mahaifiyarki